Makullai Goma Sha Ɗaya

Ɗaki goma sha ɗaya na gina a Yakasai,
ba a shekara guda ba.
Duk haihuwa ɗaki, duk riba azara,
har gida ya yi bene, ni na yi furfura.
Yau biyu ne ke numfashi,
nawa da na Asabe.
Sauran tara gizo-gizo ke haya,
bai taɓa biyan ko sisi ba.

Matakalar da na hau da buhun gero a ka,
yau gwiwa ta ce mu yi sulhu a ƙasa.
Na aiki jika ya dubo sama,
ya sauko ya ce, "Alhaji, ana ganin taurari ta rufi."
Damina in ta kankama, mu ne da robobi da tasoshi,
Asabe na tarar ruwa a ɗakin Sagiru,
shi yana Fatakwal yana turo gaisuwa ta waya.

Ran Laraba dillali ya zo, Ɗanliti,
da igiyar awo da bakin zuma.
Ya auna zaure, ya auna tsakar gida,
ya tsallake rijiyar da na haƙa shekarar haihuwar Balaraba.
Ya ce ƙasa ake saye,
mai kuɗin rushewa zai yi ya jera shaguna.
Na ce bangon nan fa,
inda na riƙa zana tsayin yara da ƙusa?
Ya ce bango ba ya cikin ciniki.

'Ya'ya suka rabu biyu.
Balaraba ta ce akwai ɗan madaidaici a Rijiyar Zaki,
ciki biyu da falo, ba hawa ba sauka,
famfo har banɗaki, ga ta kusa.
Mujitaba ya ce abin kunya, me gari zai ce?
Na ce gari bai taɓa kawo mini buhun siminti ba,
mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.
Gara in raba da hannuna ina gani
da alƙali ya raba ku bayan raina.

Abin da ya hana ni barci Malam Sambo ne.
Shekara arba'in sandarsa na buga ƙyaurena da asuba.
Da na gaya masa bai ce uffan ba,
ya gyara hula,
can ya tambayi nawa ne kuɗin mota zuwa wajen.

Asabe ce ta yanke, tana tsintar shinkafa,
ko kai ba ta ɗaga ba:
"Na gaji da share wa waɗanda ba sa nan.
Tsintsiya ta fi ni morar gidan nan."
Litinin na sa hannu.

A-kori-kura sawu biyu ta kwashe mu.
Gadajen ƙarfe kyauta, tabarmi masallaci,
tukunyar suna ta zauna wa maƙwabta.
Turmi kuwa, ta ce ta bar ni dai, ba ta bar shi ba.
Ni reshen zogale na sara na tsoma a bokiti.

Yanzu makulli biyu ne a aljihuna,
riga ta daina rinjaya gefe guda.
Ladanin nan yaro ne, sauri gare shi,
kunnena bai saba ba tukuna.
Daren jiya ruwa ya sauko, na zabura neman roba,
Asabe ta ce, "Kwanta, nan ba ya zuba."
Na kwanta, ina sauraron kwano har asuba.

Juma'a sai ga Sambo a adaidaita sahu.
Ya buga ƙofa da sanda sau uku,
ya leƙa, ya ce, "Wannan ai akwatin ashana ne."
Ya zauna har magariba,
ya kushe shayin, ya sha kofi biyu.
Da zai tafi ya tsaya bakin bokiti ya duƙa,
ya ce, "Zogalen nan naka ya fara toho,
ka dasa shi kafin ya saba da bokitin."